Ma'aunin Maƙeri

Kiyashi ne suka fara gane ciwon, ba ni ba.
Na gan su sun ja layi a gindin dogonyaro,
daidai inda Kwalli ke tsugunawa da asuba.
Na ce da Luba jikata, wa ya zubar da shayi a nan?
Ta ce, Kaka, ba shayi ba ne, mussarka ce.

Daga nan na sa ido.
Tana shan ruwa kamar raƙumin da ya ƙetaro sahara,
tana ci tana ramewa,
har na fara ƙirga haƙarƙarinta da yatsa.

Likita Zayyanu ya ɗebi jininta ranar Talata,
ranar Alhamis ya cire tabarau ya aje a tebur.
Ya ce, Baba, sukari ne.
Ƙoda kuma ta fara gajiya,
ga haƙori biyu sun ruɓe a can ƙurya.
Sukari na son nama, ƙoda na tsoron nama,
kai ne za ka zauna tsakaninsu ka yi sulhu.

Ban da tuwo, ban da fura.
Ban da kilishin da nake gutsura mata a ɓoye,
ban da busasshen kifi, gishirinsa ya yi yawa.
Ta saurare shi da kunne ɗaya a kwance,
irin sauraron wanda bai yarda da hukunci ba.

Shekara arba'in ina ƙera zinariya a Rijiyar Ɗorowa,
na auna warwaron amare, na auna 'yan kunnen gado,
ban taɓa cin ƙwayar kowa ba.
Yau na ciro ma'aunin daga adaka, na goge tsatsa,
ina auna dafaffiyar kaza da ba ta ga gishiri ba,
da farin ƙwai, da ɗan kitse,
da garin da likita ya ce a barbaɗa.
Ina murje su da ruwan ɗumi saboda haƙoran nan.
Hannun da bai yi rawa a kan zinariya ba
yana rawa a kan tsokar kaza.

Kwalbar allura ba ta jure bazarar Sakkwato,
lantarki kuwa baƙo ne mai gajeren zama.
Na naɗe ta a leda, na rataya cikin tulu,
na binne gindin tulun a jiƙaƙƙen yashi.
Sai ta ci nake yi mata, safe da dare,
ka'idar ke nan, ko liman ya fara sallah.

Modi mai faci ya leƙo ta katanga,
ya ce, mutane na biɗar na dawo,
kai kana auna ma mussa kaza?
Ban tanka ba.
Bai san wa ya kwana a ƙafafun Tumba ba
wata bakwai ɗin da ta yi tana jinya,
lokacin da masu dubiya suka ɗauke ƙafa.

Wani dare ta ci, na yi allura, ta amayar.
Can na ga tana tangaɗi kamar sabon ɗan akuya,
idanunta a buɗe, babu kowa a cikinsu.
Luba ta rugo da kwalbar zuma,
na shafa mata a dasashi, ina salati,
na ɗauki waya na tada likita daga barci.
Zaƙin da na hana ta wata uku,
shi ya dawo mini da ita.

Yanzu ina da littafi, Luba ta ja mini layuka:
abin da ta ci, abin da ta sha, nauyinta ranar Juma'a.
Jiya da la'asar ta yi tsalle, na farko tun damina,
ta cafke fara a kan tabarmata,
ta cinye tana kallon tsakiyar idona.
Na duba ma'auni, na duba ta.
Na ɗauki biro na rubuta:
fara guda, ba a auna ba.